Ƙofar da Injiniya Ya Ƙera

Ranar da mijinta ya shigo da kwali a kafaɗa yana haki, ko ɗago kai ba ta yi daga keken ɗinki ba. Ta san irin wannan hakin. Da shi ya shigo da 'yan tsakin da suka mutu tun ba su yi fiffike ba, da shi kuma ya shigo da kifin da ya mai da tsakar gidan fadama. Tun da ya yi ritaya daga ofis, duk abin da ya kalla a waya da yamma, kafin gari ya waye ya zama gwaninsa.

"Injin walda ne," in ji shi, yana shafa kwalin kamar jariri. "Daga yau mu da masu gyara sai gaisuwa."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce. A ranta kuwa haƙuri ta roƙa wa kanta.

Abokan zamansa na bakin titi suka laƙaba masa Injiniya. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai ko lura da yadda suke ƙyafta wa juna ido ba.

A gwajin farko sandar walda ta manne da ƙarfe, ya yi ta fizgarta kamar mai cire haƙori. Da ta saki, tartsatsi ya yi tsalle ya huhhuda yadin wata mata da ta kawo ɗinki, wanda aka shanya a igiya. Ya dubi ramukan, ya ce laifin mai shanya ne, wa ya taɓa shanya a wurin aiki? Abin rufe fuska kuwa, cewa ya yi wai duhunsa ya yi yawa, na matsorata ne. Ya jefar da shi, ya sa tabarau na gayu. Washegari ya tashi da idanu jajur kamar garwashi, yana nishi wai an zuba masa yashi a ciki. Ita ce ta yi ta jiƙa tsumma tana ɗora masa, tana kallon ƙaton mutum mai furfura yana kiran uwarsa.

Da ya warke ya koma. Waldarsa in ka gani sai ka rantse kaji ne suka bi ta kan ƙarfen suka yi kashi. Ya ƙera kujera, ƙafa ɗaya ta fi 'yan uwanta tsawo. Ya ƙera abin ajiye takalma, ta ɗora silifas ya durƙusa. Duk abin da ya haɗa, atishawa mai ƙarfi ta isa ta raba shi. Amma kullum sai ya kira ta ta gani.

"Maman yara, zo ki ga aiki."

"Sannu da ƙoƙari, Injiniya," take cewa, ta koma ɗinkinta.

Sai ya tsiri yi wa sito ƙofar ƙarfe, wai kada ɓarayi su sace masa inji. Ita dai ba ta ga ɓarawon da tsautsayi zai kai ga wannan kaya ba. Ya ƙera ƙyaure baƙi mai nauyi, da 'yan sanduna a sama don shan iska. Ranar kafawa ya ja injin cikin siton, ya rufo ƙyauren don ya zauna daidai a firam ɗinsa, wai ta ciki zai yi walda don kada a ga tabo daga waje. Tana jiyo shi yana ta ƙyar-ƙyar, hasken yana walƙiya ta sandunan. Can wuta ta ɗauke, gidan ya yi tsit.

Ta ji an tura ƙofa. Aka sake turawa. Sai dukan kafaɗa.

"Maman yara!"

Ta ƙarasa kalmasar da take yi, ta ciza zare, ta ninke rigar, sannan ta fito. Fuskarsa ce kawai a bayan sandunan, gumi na ɗiga daga haɓa.

"Ɗan jawo ta waje."

Ta ja da yatsu biyu. "Ba ta motsi."

"Wai ɗan ɗigawa na yi don ta tsaya, sai hannu ya zarce." Ya haɗiye yawu. "Na haɗe ta da firam."

"Duka?"

"Daga sama har ƙasa. Miƙo mini zarto. Kuma don girman Allah kada ki kira kowa."

Ta miƙa masa zarton ta sanduna. Rana ta take, kwanon rufin siton ya ɗau zafi, ga shi babu taga. Ya yi ta gurzawa har haƙoran zarton suka zube, ƙarfe ko gezau. Tana zaune a inuwa tana tsintar zare a zaninta, tana mamakin yadda mutumin da bai taɓa haɗa ƙafar kujera ta tsaya ba ya iya gina wa kansa kurkuku mai wannan ƙwari.

Ana haka yayansa ya yi sallama. Ta ga idanun mijin suna roƙonta ta bayan sanduna, kafin ya durƙusa ya ɓuya. Da ta so, sai ta ce ya fita. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa daidai ƙofar siton, ta kawo ruwa.

"Ina maigidan?"

"Yana ciki, Yaya. Gadin injinsa yake yi."

Yaya ya leƙa, ya ga ƙaninsa tsugune kan buhun gawayi. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango, ya share hawaye, sannan ya nemi guduma. Ya doka, ya doka, unguwa ta amsa, ƙofa ba ta san ana yi ba. Ƙarar ce ta tara maƙwabta, har da abokan bakin titi, kowa da shawararsa. A ƙarshe aka jingina tsani, aka ɓamɓare falle ɗaya na kwanon rufi, aka zaro Injiniya ta sama. Ƙusa ta kama wandonsa ta yage shi har gwiwa, mata suka juya baya suna toshe baki.

Ta ɗauka yau kam kunya za ta sa ya shige ɗaka. Sai ga shi ya kurɓi ruwa, ya taka har gaban ƙofar, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa.

"Kun dai gani da idonku," ya ce wa jama'a. "Guduma ta kasa. Hannu ya faɗa ke nan."

"Sai Injiniya!" in ji abokan.

Da mutane suka watse, ya tsaya a bakin ɗakinta yana ƙare wa keken ɗinkin kallo. Ya sunkuya ya taɓa ƙafar ƙarfen.

"Nan kamar akwai 'yar tsaga. Bari in fito da injin, gobe in ɗan ɗiga miki."

Yana shiga wanka ta yafa mayafi, ta tare mai tura kurar ɗaukar kaya a bakin titi, aka ɗora keken. Ta bi shi a ƙafa har gidan ƙanwarta, tana riƙe da kan keken kada ya girgiza.