Na Yafe Ki

Mutanen da wannan labari ya shafa huɗu ne: Malam Moutari, magini ɗan Damagaram mazaunin Bobigny a gefen Paris, ɗiyarsa tilo Raliatou, mai karatun aikin gini a Villeurbanne ta Lyon, Alhaji Nazir, ɗan kasuwa, abokin zaman Malam, sai Leïla, 'yar Aljeriya da ke ɗaki ɗaya da Raliatou.

Malam Moutari ya zo Faransa da hannun da ya saba da laka da makuba, ya ƙare yana zuba siminti shekara ashirin da shida. Matarsa ta rasu Raliatou tana ƙarama, shi ya rene ta. Da Faransanci yarinyar ta tashi, Hausarta ta cikin gida ce kawai: gaisuwa, aike, sunan abinci. Amma duk sa'ad da ya kwatanta mata yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba, a shafe soro ya shekara bai ji ruwa ba, takan zauna har ya gama.

A hutun Agusta na 2013 ta nemi izninsa ta bi 'yan makarantarsu Indiya, su ga tsofaffin gine-gine. Ya sa mata albarka.

Wata Juma'a, bayan an sauko, Alhaji Nazir ya ja shi gefe ya miƙa masa wayarsa.

"Malam, ba wannan ce injiniyarmu ba?"

Ita ce. Tana tsaye a ƙofar wani tsohon ɗakin bauta na 'yan Hindu, a wani ƙauye, ginin baƙin dutse mai siffofi tun daga ƙasa har bisa. Ƙafarta ba takalmi, ga jan ɗigo a goshinta, tana dariya.

"Hoton ya gama gari, har Maraɗi an gani," in ji Alhaji Nazir. "Mu dai a masallaci muka san ana cire takalmi."

Malam ya mayar masa da wayarsa. Ya isa gida ya kira ta, ba ta ɗauka ba, sai na'ura ta ce ya bar saƙo. Ya ce, "Raliatou, na ga abin da kika yi. Na yafe ki." Ya kashe wayar. Kowane Bahaushe ya san wanda uba ya ce ya yafe shi, ya fita daga cikin 'ya'yansa ke nan.

Asabar ta biyu bayan nan, da la'asar, Malam yana zaune a ɗakinsa da Alhaji Nazir da wasu dattawa biyu ana shan shayi, aka yi sallama. Raliatou ce, da ƙunshi a hannu. Ta cire takalminta a bakin ƙofa kamar yadda ya koya mata, ta durƙusa ta gaida kowa, fuskarta cike da murna.

"Baba, merci, na gode. Na ji tsoro ƙwarai da aka ce ka ga foto. Sai na ji saƙonka, ka ce ka yafe ni. Sau goma na saurara."

Malam ya gane nan take cewa ta ɗauki maganar ne a kan gafara. Ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, domin ga ƙofa Allah ya buɗe masa, abin da ya rage kawai shi ne ya ce mata, "Haka ne".

Alhaji Nazir ya aje kofinsa. "Ɗiyata, Hausa ta yi miki nisa. Na yafe miki daban, na yafe ki daban." Ya fassara mata da Faransanci, dalla-dalla, yadda ba sauran shakka.

Ta juya ta dubi ubanta. "Baba, wanne ka ce?"

Malam ya dubi dattawan nan uku, su ma shi suke kallo. Bakinsa ya motsa. Ya sunkuyar da kai ya kama jan carbi.

Ta jira, ta ƙara jira. Daga nan ta aje ƙunshin a gaban tabarmarsa, ta fita, yana jin ta tana ɗaura igiyar takalmi a bayan ƙofa.

Wata biyu ƙunshin yana bisa kabad. Ran da ya buɗe, ya tarar da littafin zane, da dunƙulen mazarƙwaila, da farar ƙasa a leda, da wasiƙa da manyan baƙaƙe, don ta san a hankali yake karatu. Ta rubuta da Hausarta mai tuntuɓe:

"Baba, gidan nan ya fi shekara ɗari takwas, in ji su, babu siminti. Tsohon magini na ƙauyen ya nuna mini suna kwaɓa farar ƙasa da mazarƙwaila da ruwan wani ɗan itace. Na ce masa babana ma haka, makuba. Ya ce in gaishe ka. Kowa yana cire takalmi, doka ce. Wata tsohuwa ta sa mini ja a goshi don maraba, ban so in ture hannunta ba, na goge da na yi alwala. Na yi azahar a gindin tsamiya. Akwai tsamiya a can, Baba, kamar ta gida."

Ya buɗe littafin. Kowane shafi bango ne, da kusurwa, da yadda dutse ya hau dutse, ta auna ta rubuta. A ƙasan wani zane ta sa: a tambayi Baba.

Ya kira lambarta, na'ura ta ce babu mai wannan lamba. Washegari da safe ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ya shiga taram, ƙaramin jirgin cikin gari, har Villeurbanne, ya yi ta nuna wa mutane adireshi har ya sami ɗakin. Leïla ta buɗe. Rabin ɗakin fayau yake, katifa a naɗe.

Ta gaya masa da Faransanci cewa Raliatou ta bar makaranta tun watan jiya, saura mata shekara guda ta gama. Wai Raliatou ta ce ba ta iya duban zanen gini kuma. Ba ta faɗi inda za ta ba.

"In ta kira ki, ki ce mata na yafe mata."

Leïla ta dube shi. "Me ta yi, Monsieur?"

Ya juya ya nufi matakala.

Ya sauko ya zauna a tashar taram, da littafin a cinyarsa. Taram ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ɗalibai suna shiga suna fita. Ya sake danna lambar. Matar cikin na'ura ta fara maganarta, shi ma ya fara tasa a kan tata, ya ce, "Raliatou, ni ne Baba. Ki yafe mini." Layin ya yanke kafin ya rufe baki.

Har ya bar aiki yana riƙe da ɗakin nan na Bobigny, bai yarda ya koma Damagaram ba, don kada ta zo ta tarar da baƙo a ƙofa. Ba ta zo ba.

Nan na tsaya, ni mai rubuta wannan labari. Da furfura na koyi riƙon alƙalami, saboda haka wanda ya ga na karkace a baƙi ko a magana, ya taimaka ya miƙe mini, Allah ya saka masa.