Umma da Ƙarar Motar Baba

Shekara shida Auta tana aikin saita sauti a kamfanin da ke haɗa waya da lasifikar mota, amma ba motar da ke ba ta haushi kamar ta mahaifinta. Akwala ce ta gaske. Idan Baba ya kira ta yana tuƙi, sai muryarta ta fita ta lasifika, ta koma ta makirufo, ta dawo mata kunne kamar mai gardama da kanta. Ga gurnanin inji, ga ƙofar baya da ke kaɗawa tun Auta tana firamare.

Ran Asabar ta ƙwace makullin. Ta zauna gaba da kwamfuta a cinya, ta saki sautin gwaji, ta auna tazarar fitar murya da dawowarta, ta kashe amsa-kuwwar. Sannan ta koma kan matatar hayaniya mai mataki goma, ta kai ta ƙarshe. Baba ya zaga unguwa ya kira ta, murya tas kamar yana falo. Auta har da yi wa kanta kirari.

Umma ce ba ta sa a lissafi ba. Shekara uku ke nan ciwon ƙafa ya kwantar da ita, idanun ma sun dushe. Ita da a da ba a tayar da motar nan sai tana gaba, jaka a cinya, tana yi wa Baba faɗan gudu. Yanzu kullum da safe in zai kai magunguna shaguna sai ya kira ta, ya bar layin a buɗe har ya dawo. Ba wata hira suke yi ba, kowa ya ɗauka sabo ne kawai.

Kwana huɗu da gyaran, Baba ya faɗa wa Auta, yana sosa ƙeya, cewa uwarta ta daina tsayawa a layi. Da sun gaisa sai ta kashe. Auta ta shiga ɗaki ta tarar da wayar a kife kan filo.

"To me zan saurara?" in ji Umma. "Da ina jin lokacin da ya hau gada, ina jin ƙarar siginar mota a kwanar makarantarku. Yanzu shiru kamar an rufe ni a akwati."

Kunya ta rufe Auta, ga tausayi. Ta tuna kanta a kujerar baya, ƙafa ba ta kaiwa ƙasa, tana barci da kiɗan ƙofar nan. Ashe abin da ta share a wuni ɗaya shi ne duk yawon da ya rage wa uwarta.

Washegari ta shiga motar tare da Baba, suka kira gida. Ta bar amsa-kuwwar a kashe, ta riƙa sauke matatar mataki-mataki tana tambaya. Bakwai, Umma ta ce ba komai. Huɗu, ta ce da sauƙi. A biyu ƙarar ƙofar baya ta dawo, tayoyin suka buga ƙarfen gada, Umma ta ce a bar shi haka, kar a ƙara taɓawa.

Can sai muryarta ta cika motar, da faɗan nan nata na da.

"Malam, rage gudu, ramin gaban gidan mai yana nan tafe."

Tun bara aka cike ramin. Auta ta buɗe baki za ta faɗa, Baba ya girgiza mata kai. Ya taka burki, ya karkatar da sitiyari a hankali, ya kauce wa wurin.