Birane Shida a Ƙofar Firji

Ranar da aka raba wa ɗaliban likitanci ambulan, ni ne na riƙe wa matata Janelle jaka. Shekara huɗu ina riƙe mata kaya, daga littattafai har abincin da ta manta ba ta ci ba, don haka babu wanda ya ga sabon abu.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Duk ɗalibin da zai gama sai ya jera asibitocin da yake so ya yi horon ƙwarewa, daga na ɗaya har na ƙarshe. Asibitoci su ma su jera ɗaliban da suke so, kwamfuta ta haɗa. Juma'a ta uku a watan Maris, ƙarfe sha biyun rana daidai, kowa ya farke ambulan ɗinsa ya ga garin da zai koma. Ba a ɗaukaka ƙara, ba a musanya. Kuma kwamfuta ba ta tura mutum inda bai rubuta da hannunsa ba. Janelle tiyata take so, wato shekara biyar a wuri ɗaya.

Ni makanikin bas ne a Philadelphia, kuma ina da sikila. Sanyi ne babban abokin gabata. Duk watan Janairu ma'aikatan jinya a hawa na huɗu na asibitinmu sun san za su gan ni, har akwai wadda take ɓoye mini bargo mai kauri. Saboda haka wannan ƙaura ba ta Janelle kaɗai ba ce, ni ma ita ce hanyata ta fita daga hunturu.

Tun kaka na juya tsohuwar kalanda, na ja layuka da rula, na manna a ƙofar firji. Birane shida ne asibitocinsu suka kira ta ganawa, su na jera. A sama kuma na rubuta abu uku: mutane, yanayi, girma. Mutane, don ba na son garin da zan shiga shagon aski a rasa wanda ya iya taɓa gashina. Girma, don babban gari ba ya rasa bas, bas kuma ba ya rasa lalacewa. Yanayi kuwa ba sai na faɗa ba.

"Kai fa da makaranta ka yi, da ka addabi duniya," in ji Janelle ranar da ta ga har da jan biro.

Chicago ta cika a mutane, ta cika a girma, ta faɗi a yanayi. Iskar tafkinsu kaɗai ta ishe ni kwanciya. Phoenix babu sanyi, amma zafinta na busar da mutum ne, ni kuwa in ruwan jikina ya ragu ciwo ya taso. Los Angeles ta kusa mutum miliyan huɗu, babu irin mutumin da babu, sai dai Janelle ta ce ba za ta gama tiyatar awa goma ta zauna awa biyu a cunkoso ba. Atlanta na so ta don baƙaƙe irinmu suna da yawa a can. Houston ce dai ta cinye: sama da miliyan biyu, baƙaƙe da farare da 'yan Meziko da 'yan Biyetnam duk a layi ɗaya, ga ɗumi kusan duk shekara.

Ta shida Denver. Na raka ta ganawar can a watan Nuwamba. Garin yana kan tudu, mil guda sama da teku, iskarsa ba ta ƙosar da huhu. A kwana na biyu ciwo ya kama ni a ƙirji da baya, na yi kwana tara da bututu a hanci. Da muka dawo gida ita da kanta ta karɓi jan biron ta soke Denver. Likitana ma da ya ji, cewa ya yi ko ziyara kada in sake.

Muka tsaya a kan Houston ta ɗaya, Atlanta ta biyu, Los Angeles ta uku. A farkon Maris ta tura jerinta. Ni kuma na gaya wa shugaban garejinmu cewa watan Yuni zan tafi, har ya ba ni lambar wani abokinsa a can.

Zauren ranar Juma'a ya cika da balan-balan da iyaye. Mama Yvonne, surukata, ta sa hular da take zuwa coci da ita. Mijinta Baba Clarence, wanda ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu, yana ta zolayata.

"Houston ko? Ka san sauron can da rana ma aiki yake yi?"

"Gara sauro da ƙanƙara, Baba."

"Za mu gani. Wata biyu za ka kira ni kana kuka."

Aka ƙirga daga goma zuwa ɗaya. Zauren ya kaure da ihu, wasu na tsalle, wata yarinya kusa da mu ta zauna a ƙasa tana kuka, ban san na murna ne ko na me ba. Janelle ta farke nata, ta karanta. Ta miƙo mini.

Denver.

Abin da na lura da shi a lokacin shi ne takardar mai kauri ce, irin mai tsada. Na karanta sunan asibitin, na karanta sunanta, na duba ko an rubuta shi daidai. An rubuta daidai.

Mama Yvonne ta leƙo. "Mun gode Allah. 'Yata likitar tiyata." Ta rungume ta, hular ta karkace. Baba Clarence bai rungumi kowa ba. Shi ne ya biyo jirgi ya zo ya zauna da ni a asibitin can, ya san garin. Ya dube ni, ya dubi 'yarsa, sai ya sa hannu a aljihu.

Muka fita baranda ni da ita, muka tsaya kusa da injin sayar da lemo.

"Na nawa kika sa Denver a jerinki?"

"Wendell," ta kira sunana.

"Tambaya ce kawai. Na nawa?"

"Na ɗaya."

"Yaushe?"

"Ranar ƙarshe. Saura awa biyu a rufe."

Na lissafa a raina. Mako biyu da 'yan kwanaki ke nan tana buɗe firjin nan, tana ɗaukar madara, tana rufewa.

"Ban zaci za su ɗauke ni ba," ta ce. "Mutum shida suke ɗauka. Na ce in sa kawai, in ba su ɗauke ni ba shi ke nan, Houston ce, babu wanda zai sani. Amma da ban sa ba, har in mutu ina tambayar kaina."

"To, yanzu kin sani."

"Shekara biyar ce. Ka zauna nan kusa da likitanka, ni zan riƙa zuwa."

"Da hutun kwana nawa a shekara?"

Ta fi ni sanin amsar. Ta jingina da injin, ta rufe ido.

"Tun ina shekara ashirin da uku da na haɗu da kai," ta ce, "duk abin da zan so sai na fara duba hasashen yanayi. Bikin ƙawata, hutu, ko fita cin abinci. Sau ɗaya na so abu ban duba ba."

Gaskiya ta faɗa, ban da abin musu. Na jira fushi ya zo, don na san ya kamata in yi. Bai zo ba. Na jira baƙin ciki, shi ma shiru. Jikina ya yi kamar dasashi bayan allurar likitan haƙori, ka san ana taɓawa amma ba ka ji. Wannan ne ma ya ɗan ba ni tsoro, don na san allura tana sakin mutum daga baya.

"Jakarki," na ce. Ta karɓa.

A cikin zaure an kafa babbar taswirar Amurka, kowane ɗalibi yana zuwa ya soka fil a garinsa. Gabas ta cika har fil na hawa kan fil. Janelle ta soka nata a tsakiya, inda babu kowa kusa. Aka tafa mata. Ni ma na tafa.

"Hoto, hoto," in ji Mama Yvonne. Ta jawo mu gaban taswirar, ita a dama, Baba Clarence a hagu, ni tsakaninsa da Janelle. Sai ta waiga neman wanda zai ɗauka, kowa yana fama da nasa iyalin.

"Kawo, Mama, ni zan ɗauka."

"A'a ɗana, ai da kai za a yi."

"Ba komai. Kawo."

Na fita daga layin, na ja baya taku uku, na ɗaga wayar. Janelle ta riƙe takardar a ƙirji. Baba Clarence bai motsa daga inda yake ba, ya bar wurin da na tashi a buɗe, faɗin mutum ɗaya, yana kallona.

"Baba, matsa kusa da ita," na ce. "Akwai fili a tsakaninku."

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya matsa.