Ranar da Baba Ya Sauko Daga Bene

Da idon Baba ya mutu, Auta ta je ƙauye ta ɗauko shi zuwa gidanta na birni, a saman bene. Ita ce ƙaramar 'ya'yansa, tana aiki a wani kantin magani. Ta gyara masa ɗaki, ta ajiye kujera bakin taga, ta kawo rediyo. Baba ya sa mata albarka, ya zauna a kujerar nan kamar an dasa shi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen haƙar rijiya, wanda a da zama ke ba shi ciwon baya, yanzu ko matakala ya ƙi takawa.

"Baba, mu ɗan sauka mana, ka miƙe ƙafa."

"In je in ga me?" Haka yake amsawa, da 'yar dariya, amma dariyar na ci wa Auta rai.

Damina ta faɗi da ƙarfinta. Sai rana ta yi ta gasa mutane, can hadari ya taso, a tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatoci su cika su tumbatsa, kafin ka ce me an ɗauke. Wata rana da la'asar Auta ta ce, "Bana kam rijiyoyinku za su cika, Baba."

Ya girgiza kai. "Wannan ba shayarwa ba ce, duka ne. Ƙasa ba ta sha da gaggawa. Ya daki bayanta ya wuce, har ya tafi da ita. Yayyafi rijiya take so, mai wuni yana sauka a hankali. Kin manta lokacin da kuke yara?"

Ba ta manta ba. Sukan yi kwanaki ba su ga rana ba, Inna na mitar wanki ya ƙi bushewa. Sai a lokacin ta lura ta daɗe ba ta ga irin wannan wunin ba.

Wata safiya ta makara. Ta sauko da gudu-gudu, jaka a kafaɗa, tana fita ƙofa ta ji wani sanyi yana taɓa mata fuska. Gari ya yi luf, sama ta yi fari-fari, ruwa na sauka siriri kamar ana tankaɗe gari. Ta ja tsaki, don ba ta ɗauko laima ba. Har ta kai bakin titi sai ta tsaya. Irin wannan ruwa ba ya ƙara a kan rufi. Baba na can bayan gilashi a rufe, ba zai ma san ana yi ba.

Ta juya ta hau.

"Baba, yayyafi ake yi."

"Ke dai kina neman dabarar fitar da ni."

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan mayafinta. Ya shafa, ya sake shafawa, ya kai yatsun ga hancinsa.

"Ina takalmana?" in ji shi.

Suka sauko a hankali, hannunsa ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a bango. A bayan ginin akwai ɗan fili da siminti bai ci ba, tsakanin katanga da shagon wani tela. Nan ta kai shi. Baba ya tuɓe hula, ya ɗaga fuska sama, ruwa na taruwa a gemunsa. Sannan ya durƙusa da kyar, ya tura yatsa cikin ƙasa.

"Tana sha," ya ce. "Ji yadda ta saki jiki."

Tela ya leƙo, tsinken allura a baki. "Tsoho, mura kake nema da sassafe?"

"Yaro, na wuni cikin ruwa har ƙirji tun ba a haife ka ba."

"To ai shi ke nan, na mai da bakina."

Auta ta tsaya gefe, mayafinta na ƙara nauyi. Ta ce ta taɓa ji a rediyo cewa gajimaren da ke kawo yayyafi yana yi wa ƙasa inuwa, yana rage mata zafi, shi ya sa in ya yi ƙaranci gari ke ƙara ƙuna.

"Wannan ban sani ba," in ji Baba. "Ni ƙasa na sani. Sama kuwa daga gindin rami nake hangenta, ba ta wuce faifai ba." Ya murza ƙasar a yatsunsa. "Amma zai yiwu. Duk shekarar da muka sha yayyafi, ba mu sha wuyar bazara ba."

Sun daɗe a wurin. Auta ta isa aiki a jiƙe, mai kanti ya yi ta faɗa.

Murar kuwa ta kama Baba, ta kwantar da shi. Yayanta ya bugo waya yana cewa wace irin 'ya ce za ta fitar da tsoho cikin ruwa. Ta ba shi haƙuri, amma a ranta ba ta ji ta yi laifi ba.

Ana nan sai ga Tela ya hau bene gaisuwa. Ya zauna bakin gado, hira ta yi hira, har ya ce rijiyar gidansu ta ƙauye ta ƙafe, sun rasa yadda za su yi.

Baba ya yunƙura ya tashi zaune, yana tari.

"Ƙasar wurin ja ce ko baƙa? Akwai tudu kusa?"

"Wallahi ban taɓa lura ba, sai na tambayi ƙanena."

"Ka tambaye shi. Gobe in na ji dama, zan sauko shagon mu ƙarasa maganar."