Aron Ɗalibai a Lakwal ɗin Dakoro

Damina na sauka, lakwal ɗin Dakoro, wato makarantar boko, ta watse. Dama rumfar zana ce, da allo guda da littafi guda wanda gara ta riga yara karantawa. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu zuwa gona, aka bar malamin, Mushe Samba, da 'yan tsirarun yara da akuyar maƙwabta.

Ana nan sai gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, ya kawo labari cewa Bature mai duba lakwal yana tafe daga Maraɗi. Samba kuwa ya san hukuncin. In aka tarar da rumfa wayam, can cikin hamada za a jefa shi.

Sai ya shiga kasuwa aron ɗalibai, duk gajeren da ya gani ya ja hannunsa. Cikinsu har da Na'Allah mai jakai, magidanci da 'ya'yansa. Aka aske masa gemu tas.

"Mushe, ni fa ko bihim ban sani ba," in ji Na'Allah.

"Ba ruwanka. Komi Nasara ya ce, ka ce 'Wi, Mushe.'" Wato "I, Malam" da Faransanci.

Bature ya iso yana gumi. Da ya fara tambaya, ɗaliban gaske suka yi tsuru-tsuru. Na'Allah kuwa ya saba yi wa jakai tsawa, muryarsa har bakin rijiya. Kana son Faransa? Wi, Mushe! Kana wanka kullum? Wi, Mushe! Kana son a kai ka babbar lakwal ta Maraɗi?

Samba ya yi ta ƙifta ido, amma ina.

"Wi, Mushe!"

Bature ya ce bai taɓa ganin yaro mai himma haka ba. Samba ya buɗe baki, ya tuna hamada, ya rufe. Aka ɗora Na'Allah bayan mota yana ihun a shayar masa da jakai.

Washegari Azara matarsa ta iso lakwal, ta ajiye hauya gaban allo.

"Mushe, ka ari mijina ba ka maido ba. Gero ba ya jira. Ko in tafi wurin kumandan?"

Haka Samba ya yi noman fari da maimai a gonar Na'Allah, hannu duk kanta, yaran gari na zuwa kallo.

Sai da kaka aka gane a Maraɗi cewa Na'Allah ba yaro ba ne, aka koro shi. Ya dawo kumatu luhu-luhu da shinkafar gwamnati, ya leƙa rumbunsa, ya ga dami har baki.

"Mushe," ya ce, "in Nasaran nan ya dawo baɗi, ka neme ni."