Sabulun Tabawa

Kumatun Mubina sun yi jawur, fatar tana saɓulewa kamar ɓawon albasa. Injiniya Isiyaku ya tallafi haɓar ɗiyarsa, ya juya fuskarta wajen haske.

"Mi kika shafa?"

Ta miƙo masa guntun sabulu a cikin takardarsa. Ya karɓa ya duba. Shi da kansa ya zaɓi launin takardar nan.

Tun da aka rufe matatar man gyaɗar da yake manaja, ya koma cibiyar tallafa wa ƙananan masana'antu ta jami'a a Aliero. A nan Tabawa ta same shi da sabulun man kaɗanya cikin ƙwarya. Ya koya mata awo, ya nemo mata injin yanka, bai sake ta ba har ta ɗauki matan unguwarsu aiki.

*

A Jega ya tarar da ita tana tuƙa tukunya.

"Maraba da Injiniya!"

"Fuskar Mubina ta ƙone, Tabawa."

Muciyar ta suɓuce mata. Ta zauna a kan turmi, ta toshe baki da mayafi.

"Mubinarmu? Wallahi mai kyau nika kaiwa kasuwa, ya dawo mini. Kowace ta ɗauka sai ta ce, yana sa fari? In na ce a'a, ta aje. Wani mai shago a Maiyama ya ba ni ruwan bilicin, ya ce in riƙa ɗigawa." Ta dubi matan da ke naɗe sabulu a inuwar darbejiya. "Waɗanga fa, in sallame su?"

Da niyyar cire sunan cibiyar daga kayanta ya zo. Amma ya tuna ranar da ma'aikatan matatarsa suka fita ƙofa, kowa da tabarmar sallarsa a hammata.

"Wanga duka rami za shi," ya ce a hankali. "Gobe mu sake dafawa. Makarantun kwana ba su tambayar fari, ni zan kai musu."

Tana kuka ta kama kunnen tukunyar, ya kama ɗayan.

*

Da la'asar ya sami Mubina a gaban madubi. Ya lakato maganin da likita ya bayar, ya shafa mata a hankali, yana hura wurin kamar lokacin da take ƙarama. Ta daɗe tana kallon kanta.

"Baba," ta ce, "in ya warke, farin zai tsaya?"