Tarin Mama a Cikin Kiɗa

Tana tsaye a cikin bas, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen sama, ɗaya rungume da jakar kayan aikinta, sai ta ji uwarsu ta yi tari. Uwar da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido. Tarin ya fito ne daga wata sifika da direba ya ɗaure da waya a ƙarƙashin kujera, a tsakiyar irin kiɗan nan na samari da suke kira diril, mai gurnanin da ke kaɗa wa mutum hanji.

Yaya Babba ma'aikaciyar jinya ce, tari iri-iri take sha daga safe har yamma, amma wannan ba na kowa ba ne: gajeru biyu a jere, sai ɗan jan numfashi a baya. Kafin tarin akwai wata siririyar murya kamar ta ƙaramar yarinya, tana maimaita rabin baiti ɗaya, tana komawa, tana maimaitawa. A kan muryar kuwa wani ƙato ne ke ta ɓarin ashar, yana lissafa abin da zai yi wa abokin gabarsa da wuƙa ranar da suka haɗu. Duk inda ya dire zagi, sai Mama ta yi tari, kamar ita ce ke buga masa hatimi.

Ta tambayi kwandasta waƙar waye. Ya dube ta sama da ƙasa, wai har akwai mai rai da bai san sabuwar Garwashi ba? Ya ƙara da cewa kiɗan ma aikin Mai Yanka ne, ai ana kiran sunansa a farkon waƙar. Bai san da wa yake magana ba. Mai Yankan nan ƙaninta ne, autansu, wanda ta goya a bayanta har kafaɗunta suka yi kanta. Ta buga jikin motar da tafin hannu ta ce a sauke ta.

Kaset ɗaya ne tak a duniya mai muryar Mama. Babansu ne ya ɗauka ranar da ya sayo sabon rikoda, ya laɓe a bakin kicin tana wanke-wanke tana 'yar waƙarta ba ta sani ba. A ciki ta yi waƙa, ta yi tari, ta yi wa Yaya Babba faɗa a kan kofin da ta fasa, a ƙarshe ta gano shi ta ce ya kashe abin nan, tana dariya. Tun rasuwarta kaset ɗin ke cikin gwangwanin biskit a ƙasan akwatin Yaya Babba. Ba ta cika kunnawa ba, don tsoron kada ya gaji. Watannin baya Auta ya zo da zaƙin bakinsa, wai zai juye shi a waya kowa ya samu, 'ya'yanta su ji muryar kakarsu. Ta ba shi, ita ma da tata wautar. Tun daga ranar, in ta tambaya sai ya ce yana kan aiki.

Sutudiyon nasa wani ɗaki ne a bayan shagon mai gyaran waya, sai an bi ta lungu an tsallake kwata. Ya manna soson tsohuwar katifa a bango, ya toshe taga da bargo, fanka kuma a kashe don wai ƙararta na shiga makirufo. Warin zufa da turaren fesawa ne ya fara tarbar ta. Auta na zaune gaban kwamfuta da abin ji a kunne yana gyaɗa kai. A kan yagaggiyar kujera wani dogo ne ya miƙe ƙafafu, sarƙa a wuya, yana cin gyaɗa yana watsar da ɓawon a ƙasa. Ba sai an faɗa mata ba, muryar da ta ji a mota ta dace da wannan bakin.

Ba ta yi sallama ba. Ta fizge abin jin daga kan Auta ta jefar a tebur.

"Muryar wa ka saka a waƙar wannan?"

Ya fara murmushi, murmushin da ya saba tsira da shi tun yana yaro. Shi a haukansa yabo ta zo yi. Ya ce ta zauna ya nuna mata, ai ba kowa ke da kunnen da zai gane ba. Ya juyo da allon kwamfutar, ga wasu 'yan gutsattsari masu launi jere kamar yankan kaba. Wannan, in ji shi, shi ake kira samfur: ka samo tsohon sauti, ka yanko inda ya fi daɗi, ka daddatse, ka sake jera shi yadda kake so. Ya ɗaga muryar sama ta zama siririya don ta yi sanyi mai ban tsoro, haka diril ke so. Ya shimfiɗa mata bes a ƙasa, gurnanin nan mai zamewa sama ya dawo, ya yayyafa ƙananan bugu masu tuntuɓe a kai. Tarin kuwa, ya ce, da farko ya so cirewa, sai ya ji ya faɗo daidai inda ganga ya kamata ta faɗo. Sai ya cire gangar ya bar tarin.

"Ka cire ganga ka sa uwarka," ta ce.

Nan murmushin ya mutu. Ya shiga kame-kame, wai girmamawa ce, wai yanzu dubban mutane na jin Mama. Ta ce eh, suna jin ta tana yi wa ɗan daba amshi. Matar da ko "wawa" ba ta yarda a faɗa a tsakar gidanta ba, yau ita ke tari ana zagin uwar wani a motar haya. Ta kira shi marar kunya, ta kira shi ɓarawon gawa. Ta tuna masa wanda ya kwana da Mama a asibiti yana riƙe mata kwano lokacin da wannan tarin ya zama na jini, da wanda ya ce shi ba ya iya ganin irin haka ya tsere wajen abokai. Ta san inda zai yi masa zafi, can ta dinga dannawa, kuma ba ta ji tausayinsa ko kaɗan ba.

Garwashi ya tofar da ɓawon gyaɗa ya ce Anti ta yi a hankali, nan wurin aiki ne ba ɗakin haihuwa ba. Ta juyo kansa. Ta ce ta ɗinke irinsa ba adadi, masu cika baki a waƙa, in an kawo su da tsaga a ciki su ne masu kiran uwa da ƙarfi. Ta ce ya sauke waƙar daga duk inda ya ɗora ta, yau ɗin nan. Ya yi dariya har da buga cinya. Shekarunsa nawa yana ihu a makirufo ba wanda ya waiwayo, sai yanzu da gari ya ɗauka za a ce ya sauke don wata tsohuwa ta yi tari? Ya ce ko ita tsohuwar ce ta taso da kanta, sai dai ta yi haƙuri.

Da akwai abin jifa kusa da ita da ta jefe shi. Tunda ba ta da iko da wannan, sai ta koma kan wanda take da iko da shi. Ta ce wa Auta ya nuna mata inda ya ajiye muryar. Ya buɗe wata jaka a kwamfutar, sunanta ma "Mama" ya sa, abin da ya ƙara tunzura ta. A ciki komai yake: ɗaukar farko, gutsattsarin, kiɗan shi kaɗai, da muryar Garwashi, don a nan ɗakin aka yi komai.

"Goge."

"Yaya, tsaya ki ji wata magana game da kaset ɗin."

"Ba na jin komai sai ka goge."

Ya sake buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ya dubi Garwashi, Garwashi ya ce ya goge mana ta ƙoshi, ai waƙa ta riga ta fita. Da Auta namiji ne da ya miƙe ya faɗi abin da ke bakinsa ko da za ta mare shi. Amma tun yana ƙarami haka yake, in ya yi ɓarna sai ya yi shiru ya jira ta bayyana da kanta. Ya danna, jakar ta ɓace. Ita kuma ba baƙuwar kwamfuta ba ce, tana amfani da ita a wurin aiki, ta san abin da aka goge yana zuwa ya kwanta a kwandon shara. Ta ture hannunsa ta buɗe kwandon da kanta, ta zubar. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Ta tambaya ko akwai wani wurin da ya adana. Garwashi ne ya amsa, yana dariya, wai duk unguwa an san Mai Yanka ba ya adana komai a wuri biyu.

Sai a lokacin ta ji numfashinta ya sauka. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta kaset ɗinta ta tafi.

Auta ya dubi hannun. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata leda. Ƙoƙon kaset ɗin na ciki, rubutun Baba na nan a jikinsa, amma zaren duk ya fito waje, ya cukurkuɗe, ya tsinke a wurare da yawa, wani wajen ya miƙe ya yi fari kamar an tauna. Akwai inda aka yi ƙoƙarin liƙewa da salatif, salatif ɗin ya kwashe baƙin jikin zaren ya bar shi garau.

Maganar ta fito daga bakinsa a gutsure. Su masu wannan sana'a ba sa sauraron abu daga farko zuwa ƙarshe, farauta suke yi. Ka tura gaba, ka dawo baya, ka tura, ka dawo, har ka ji wurin da ya kama ka. Ya ji rabin baitin nan da tarin, ya ɗauke su a kwamfuta, ya tsayar. Ya ce sauran zai juye daga baya, in ya gama kiɗan. Sai ya koma neman wani wurin da zai ƙara, yana ta gaba da baya a tsohon rikodan da ya aro, har rikodan ya cinye zaren.

"Wanda ka ce za ka juye mana a waya fa?"

"Ban kai ga yi ba."

"Faɗan kofin? Dariyar?"

Ya girgiza kai. Ya ce ɗan abin da ya ɗauka ne kawai ya rage, da ainihin muryarta, kafin ya taɓa ta. Ta tambaye shi yana ina, alhali ta riga ta sani. Ya kalli kwamfutar.

Ta fita da gudu ta jawo mai gyaran waya daga shagonsa, yana ƙunƙuni an raba shi da aiki. Ya duba, ya danna nan da can, ya taɓe baki. Ya ce da tsohuwar na'ura ce da an gwada, amma irin waɗannan sababbin in aka zubar da kwando sun share ke nan, kuma wane mai hankali ne ke zubar da kwando bai duba ba? Ya koma shagonsa yana tsaki.

Zufa na ta bin bayanta. Ta rasa wanda ta fi tsana a cikin su ukun, da ita a lissafi. Auta ya fara cewa "Yaya", ta ce kada ya sake kiran ta da wannan sunan. Ta ɗauki ledar ta cusa a jaka. Tana bakin ƙofa Garwashi ya miƙe zaune, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa.

"To Anti, har yanzu in sauke waƙar?"

Ta tsaya, bayanta gare shi. Ta fice, dariyarsa ta raka ta har bakin kwata.

Bas ɗin da ta samu na komawa gida a cike yake da masu tashi daga aiki, kowa fuska a ɗaure. Ta samu gefen kujera ta zauna, jakar a cinya. Ba su yi nisa ba wani saurayi a bayanta ya kunna waya. Aka kira sunan Mai Yanka, gurnanin ya taso, siririyar muryar ta shigo da rabin baitinta. Wani dattijo da ke kusa da ita ya juya a fusace, ya ce a kashe musu wannan shara, akwai mata da manya a mota. Wasu suka goya masa baya. Saurayin ya yi tsaki ya kai yatsa zai kashe.

Yaya Babba ta juya ta riƙe masa hannu.

"Bar shi," ta ce. "Ƙara murya."

Dattijon ya dube ta da kayan asibitinta, ya yi tir, ya matsa jikinsa gefe. Ba ta kula shi ba. Ta sunkuyar da kai kusa da wayar, ta rufe ido. Garwashi ya zagi uwar wani, ya zagi ubansa, ya faɗi inda zai soka wuƙar, ita kuwa tana jira ya dire. Ya dire, Mama ta yi tari.